Koma Saman Shafi

Litinin, hutun rana

An tara mu a ɗakin taro da safe, har da masu aikin sito. Sabon shugaban ya yi magana mai tsawo, yana nuna akwatuna da kibiyoyi a jikin allo. Ya yi ta cewa "sake fasali", kafin mu sauko daga bene kuwa an riga an raɗa masa suna Fasali. Abin da na iya tsinta shi ne an haɗe mu da wata cibiya da ta fi mu girma. Har yanzu ba don riba muke aiki ba, in ji shi, littattafan masana za mu ci gaba da fitarwa, amma ta wata hanya. Ba wanda ya tambaye shi wace hanya.

Abin da ya shafe ni kai tsaye: yarjejeniyarmu da masu buga mana littattafai za ta ƙare ranar Juma'ar ƙarshen wata. Littafin da aka gama dubawa kafin a tashi aiki ranar, za a buga shi. Wanda bai kai ba zai jira sabon kwamiti. Na san jiran kwamiti. Akwai littafin da ya shiga jira ina da cikin 'yata, yau ga ta tana ɗaura wa kanta igiyar takalmi, shi ko yana nan.

Littafin wata Farfesa ne a kan teburinmu, ni da dattijon da muke duba littattafai tare, Baba Rula. Babi biyu muka yi cikin goma sha ɗaya. Farfesa ta haura tamanin, idanunta sun tafi, kuma tun bara 'yarta ce ke zuwa a madadinta. Ba ta da shekarun da za ta ba kwamiti.

Talata, bayan la'asar

Fasali ya leƙo ɗakinmu, ya tarar ina karatu da ƙarfi ina ƙwanƙwasa tebur. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya shigo gidan da ba nasa ba.

"Malama, me ake yi haka?"

Na yi masa bayani. Dokar gidan nan ce tun kafin a haife ni: littafi ba ya fita sai mutum biyu sun bi shi daga farko har ƙarshe. Ni nake karanta rubutun marubuci da baki, in na zo waƙafi in buga tebur sau ɗaya, aya sau biyu. Baba yana bin shafin da aka tsara, da rularsa ta ƙarfe a ƙarƙashin layi. In wani abu ya saɓa, ya ce "tsaya".

"Sai kuma dokar lulawa," in ji Baba, bai ɗago ba.

Ita ma na fassara. Mai duba littafi bai kamata ya ji daɗin littafi ba. Da zarar zancen ya fara yi maka daɗi, idonka ya bar kalma ya bi labari, kuskure zai wuce ta gabanka yana kaɗa hannu ba ka gan shi ba. Wannan muke ce wa lulawa. Wanda ya lula sai ya ɗaga hannu, a koma saman shafi.

Fasali ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce, "To Baba, kai sau nawa kake lulawa a rana?"

"Ni ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

Gaskiya ya faɗa. Ni shaida ce.

Laraba, da yamma

Ikon Allah sai kallo. Littafin a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, na ɗauka lissafi da taswira za mu sha, kamar babi biyun farko. Yau a babi na uku Farfesa ta ce akwai rijiyoyi masu zurfi da ruwansu ya sauko daga sama dubban shekaru da suka wuce, lokacin da wurin yake kore shar da namun daji. Wato ka ɗebi kofi ka kai baki, ruwan saman da ya jiƙa bayan wata dabbar da babu irinta yanzu ne kake sha.

Tsigar jikina ta tashi. Ban san muryata ta canja ba sai da na ji Baba.

"Kin lula, 'yar nan. Koma sama."

Na koma. A daidai wurin na sake lulawa.

Alhamis, da safe

An fara kiran mutane sama ɗaya bayan ɗaya. Suna saukowa suna cewa lafiya lau.

Juma'a, bayan an tashi

Mun yi ƙasa da rabin abin da ya kamata mu yi a makon nan, kuma laifina ne, ko in ce laifin Farfesa. Yau maganar kogin da ya ƙafe ce. Ta ce ba tafiya ya daina ba, ƙarƙashin yashi ya koma, yana bin hanyarsa ta da, yana yin kwana inda ya saba yin kwana. Shekara da shekaru ta yi tana bin irin waɗannan koguna a ƙafa, tana haƙa ramuka tana aunawa. Yaya za a yi mutum ya karanta wannan da muryar mai kiran sunaye a asibiti?

Na tambayi Baba sirrinsa. Ya ce, "Ni tsintar tsakuwa nake yi a cikin shinkafa. Mai tsinta ba ya tunanin ci."

Na ce, "Baba, lokaci fa."

Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Na ƙarasa masa a zuciyata: sai dai a daɗe ba a je ba.

Lahadi, bayan azahar

Na yi dabara. Na zo da babi na biyar gida don in karanta shi tun yanzu, mamakin ya ƙare a nan, gobe in je ofis da sanyin rai. Baban yara ya same ni a falo na yi tagumi, shayina ya huce.

"Lafiya? Ko an ce wani abu a wurin aikin ne?"

Na ce masa, "Ka san ruwan wasu rijiyoyi masu zurfi yana hawa yana sauka saboda wata?"

"Wace wata?"

"Watan sama! Yana jan ƙasa kamar yadda yake jan teku, duwatsun ciki su matse su saki, ruwan ya motsa. Kaɗan ne, amma an auna."

Ya dube ni ya dubi takardun. Ya ce, "Ni na tambaye ki aikinki yana nan ko babu, kin kai ni wata." Sai ya zauna ya ce in karanta masa wurin. Na karanta. Ya ce Allah mai iko, ya tashi ya je ya tsaya yana kallon famfon kicin.

Ban ba shi amsar tambayarsa ba, kuma bai sake yi ba.

Litinin, hutun rana

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun da na san inda abin daɗin yake, sai na fara sauri tun daga nesa don in kai wurin. Baba ya mayar da ni sama har na ji kunya. Ya kalle ni ta saman gilashinsa ya ce, "Kin karanta a gida ko?" Ba a ɓoye wa wannan tsohon komai.

Talata, da hantsi

An kira ni sama. Ofishin Fasali yana da taga babba, ana hango rufin tasha. Ya ba ni ruwa a kofin gilashi, na tsaya ina kallon ruwan har sai da ya maimaita maganarsa: aikina yana nan. Na ce na gode. Me zan ce?

Da na sauko Baba bai tambaye ni ba. Ya miƙo min shafin da muka tsaya.

Talata, bayan la'asar

An kira Baba sama. Bai daɗe ba. Ƙarshen wata zai ajiye aiki.

Laraba, da yamma

Mun yi aiki sosai yau. Ban lula ko sau ɗaya ba, ban ma ji abin da nake karantawa ba. Baba ya ce, "Yawwa, haka ake so." Na shiga banɗaki na wanke fuska.

Alhamis, hutun rana

Masu gyara sun zo. Za a cire bangon da ya raba ɗakunan, kowa ya koma fili ɗaya, wai don a riƙa ganin juna. Sun fara da bangonmu na katako. Yanzu muna zaune a tsakiyar bene kamar masu talla, ga ƙura a kan takardu, ga wayoyin lantarki suna reto. Ƙofarmu tana jingine a jikin matakala da lambarta a jiki.

Na ɗauka za a yi ƙorafin hayaniyarmu. Sai ga shi ina cikin babi na bakwai, inda Farfesa take bayanin wasu ƙananan halittu farare fat da ke rayuwa a ruwan cikin duwatsu, ba su da idanu don ba su taɓa buƙata ba, sai na lura guduma ta yi shiru. Kafinta yana tsaye da kusa a baki. Mai zanen bangon littattafai ta juyo da kujerarta. Akanta, wanda ban taɓa ganin ya karanta komai ba in ba lamba ba, ya fito da kofinsa ya tsaya.

Baba ya ce, "Kin lula. Koma sama."

Kafinta ya cire kusar daga baki ya ce, "Yawwa Baba, a maimaita, ban ji farkon ba."

Duk aka yi dariya. Rabon da in ji ma'aikata sun yi dariya a benen nan tun ranar taro.

Juma'a, da safe

Saura mako ɗaya, saura babi huɗu, kuma na ƙarshen ya fi kowanne tsawo. Rana ba ta ƙarya.

Juma'a, bayan an tashi

Fasali ya zo da kansa, ya jawo kujera. Ya ce ya duba, ba za mu kai ba. Ya ce dokar karatun mutum biyu za ta tashi daga wata mai zuwa ko ta yaya, kwamfuta ta riga ta bi littafin, kuma shi yana da ikon ya yafe mana sauran. Mu sa hannu a aika. Bai faɗa da gadara ba, wallahi taimako yake nufi, kuma zuciyata ta ce karɓi.

Baba ya goge rularsa da gefen riga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai kana iya aikawa, gidan a hannunka yake. Amma sa hannuna yana nufin na bi. In ban bi ba, me zan ce ina nufi?"

Fasali ya juyo wurina. Na ce, "Za mu kai." Ban san daga ina maganar ta fito ba.

A matakala na ce wa Baba, in ba mu kai ba fa? Matar nan tana kwance. Ya ce, "Ta yi shekara arba'in tana auna ruwa ba ta yi ha'inci ba. Mu ne za mu yi mata a shafin ƙarshe?" Na ji haushinsa har gida, kuma na kasa samun inda ya yi kuskure.

Lahadi, da yamma

Ban taɓa takarda ba. Na yi wanki, na yi wa 'yata kitso, na ja har ta yi kuka.

Litinin, hutun rana

'Yar Farfesa ta zo da hoton da za a sa a bayan littafi. Ta rame. Ta ce Mama tana tambaya kullum ko an buga, ta ce ba karantawa za ta yi ba, so take ta ji nauyinsa a hannu. Na ce mun kusa. Ta tsaya ta saurari shafi ɗaya, sai ta ce wannan babin ita ta rubuta shi daga bakin Mama, a bakin gado, kuma Mama ba ta duba komai ba, duk lambobin daga kanta suka fito. Da aka je aka gwada da tsofaffin ma'aunanta, haka suke.

Na dubi tarin takardun nan. Duk wannan a cikin kan tsohuwa ɗaya da ba ta iya ɗaga kofi da kanta. Ni kam tsoro ma ya kama ni.

Talata, bayan la'asar

Mutane sun fara kwashe kaya a kwali. Mai zane ta ba ni tukunyar furenta, ta ce ba ta da wurin ajiyewa a gida. Ƙarya take, na san gidanta.

Ba wanda ya ce su yi, amma an raba aiki. Akanta ne ke amsa wayarmu. Masu sito suna kawo mana shayi da zuma saboda muryata ta fara dushewa. Kafinta ya koma can ƙarshen bene da gudumarsa, sai lokacin hutunmu yake bugawa. Rabin mutanen nan ba za su ga littafin a nan ba.

Laraba

Babi na tara. Lulawa biyu.

Alhamis, da yamma

Na goma ya ƙare. Murya kamar ta kwaɗo. Teburin Baba fes, ya kwashe komai sai rula da gilashi.

Juma'a

Mun gama.

Asabar, da hantsi

Jiya ban iya rubutawa ba. Bari in rubuta yanzu kafin in fara gyara wa kaina labarin.

Mun shiga babi na ƙarshe tun da safe. Na riƙe kaina da kyau, na yi ta tsintar tsakuwa. Bayan la'asar saura shafuka kaɗan, lokaci zai ishe mu amma da ƙyar. Kowa ya bar abin da yake yi. Fasali ma yana tsaye can wajen matakala, yana yi kamar waya yake dubawa.

A nan Farfesa ta bar lambobi. Ta ce a wasu wurare ruwa yana ratsa ƙasa a hankali ƙwarai, abin da zai yi a shekara bai wuce taku ba. Ta ce saboda haka ruwan saman da aka yi ranar da aka haife ka, mai yiwuwa har yanzu yana hanya cikin duhu, bai isa ba, kuma wanda zai sha shi ba a haifi kakarsa ba tukuna. Na karanta wannan da murya a miƙe, ina buga tebur, na wuce. Na yi alfahari da kaina. Na kai layin ƙarshe na littafin, na buga sau biyu.

Har an fara tafi. Sai na ga hannun Baba a sama.

Rular tana kwance a karkace a tsakiyar wani shafi da muka wuce tuni. Ya ce, a hankali, "Na lula."

Ba wanda ya motsa. Ni mai karatu ana jin lulawata a murya, amma mai bi, in bai faɗa ba, har abada ba wanda zai sani.

Na ce, "Daga ina, Baba?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Mahaifiyata ta sha gaya min ana ruwa aka haife ni, har ɗakin yana yoyo. Ina can." Ya cire gilashi ya mayar. "Kuma ban san ko tun kafin nan na fara tafiya ba. Sai an koma farkon sashen."

Sashen yana da tsawo, agogo kuma ya kusa. Zan faɗi gaskiya, na so in rantse masa cewa shafukan lafiya suke. Na buɗe baki, sai na ga fuskarsa. Kunya ce a ciki, da wani abu kuma kamar na wanda aka yi wa albishir. Na juya takardu baya na fara.

Ina cikin karatu na ji muryar Fasali a waya. Shi ne ya kira manajan masu buga littattafai. Na ɗauka roƙo zai yi. Ina! Ya ce, "Kafin ka rufe, bari in ɗan yi maka bayanin sabon tsarinmu, don ka san inda muka dosa." Ya fara. Akwatuna, kibiyoyi, mataki na ɗaya, mataki na biyu. Duk lokacin da bawan Allah ya nemi yin sallama sai ya ce, "Wannan ya kawo mu ga muhimmin wurin." Yana yi yana zagaye bene, yana kallona yana juya yatsa, wai in ci gaba. Akanta ya toshe baki da hannu. Ban taɓa zaton surutun mutumin nan zai yi wa wani rana ba.

Na zo wurin ruwan haihuwa. Na saci kallon Baba. Rular tana sauka layi bayan layi. Ba mu sami ko kuskure ɗaya ba. Ya sa hannu, na sa, aka aika, Fasali ya ce wa manaja, "To, duba akwatinka, wani abu ya shigo," ya zube a kujera.

Bayan nan an yi abin da ake yi, da lemo da jawabi. Wannan ba zan rubuta ba.

Litinin, da safe

Sabon tebur, kusa da taga. Kujera ɗaya. Kowa da abin toshe kunne.

Laraba, hutun rana

'Yar Farfesa ta bugo. An kai musu kwafin gwaji, ba a ma yanke gefensa ba. Ta ce Mama ta ɗora shi a ƙirji, ta yi ta shafa shi, ta ce ya fi yadda ta zata nauyi. Alhamdu lillahi. Na ajiye waya na yi kuka a gaban tukunyar fure, ban damu da wanda ya gani ba.

Alhamis, hutun rana

Na buɗe abincina ke nan sai ga kiran Baba. Tun da nake da shi bai taɓa kirana a waya ba. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi ƙafarsa. Ya yi ta kewaye-kewaye.

Can ya ce, "'Yar nan, ranar Juma'a na ji Akanta yana ba wani labari, wai wata yana jan ruwan rijiya. A ina ya samo wannan?"

Na ce, "Baba, a littafinmu. Babi na biyar. Kai ka bi shi da rula."



"Ikon Allah," in ji shi. "Da wasu halittu marasa ido?"

"Na bakwai."

"Duk ta gabana suka wuce." Ya ɗan yi dariya, ba mai ƙarfi ba. "Jiya na tsaya gaban kantar littattafan da ke ɗakina, duk da sa hannuna suka fita. Na kasa faɗin abin da ke cikin ko ɗaya." Ya gyara murya. "Kina da lokaci?"

Na ce ina da shi.

"To faɗa min na Farfesa. Daga farko. Ba sauri nake yi ba."

Na rufe kwanon abincin, na juya kujera na ba ofis baya, na fara.